Yadda masu ƙananan gareji a Gombe za su yi kamun ƙafa kada a kashe duba lafiyar mota

Tun da babbar kotun tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci a watan Oktoban 2024 cewa jami'an VIO, wato masu duba lafiyar mota, na birnin tarayya ba su da hurumin tare mota a titi ko ƙwace ta ko cin tarar direba, maganar nan ta ƙi mutuwa a tashoshi da guruf-guruf na WhatsApp. Duk sanda ta taso zaka ji ana cewa ai gara ma a soke VIO ɗin da takardar rodwodi, wato takardar lafiyar mota, gaba ɗaya kowa ya huta. Ni kam na fahimci haushin mutane, wlh duk wanda aka taɓa tsarewa da rana tsaka da iyalinsa a mota saboda wata takarda ya san zafin abin. Amma hukuncin nan kan VIO na Abuja aka yi shi, kuma maganar tare hanya yake yi, bai ce a daina duba lafiyar mota ba. Abin da nake tsoro shi ne wata rana wani mai neman a tafa masa ya haɗa biyun ya share, ko kuma a ɗauki aikin dungurungum a miƙa wa wani ƙaton kamfani guda ɗaya, mu makanikai da masu faci da 'yan rewaya da masu sayar da kayan gyara mu tashi a tutar babu, motocin da ba birki kuma su ci gaba da gangarowa cikin gari.

Kar wani ya ce ba za a iya sokewa ba. A jihar Texas ta Amurka majalisa ta zartar da doka a 2023, daga ranar 1 ga Janairun 2025 aka daina tilasta wa motocin gida zuwa a duba lafiyarsu, amma kuɗin, dala 7.50, ba a yafe ba, suna kawai aka sake masa ana karɓa wajen sabunta rajista. Kaga gwamnati ba ta yi asarar komai ba, gareji ne ya rasa aiki, mota kuma ta rasa mai leƙa ƙarƙashinta. A Birtaniya kuma akasin haka ne, gwajinsu na MOT tun 1960 yake, duk motar da ta kai shekara 3 sai an duba ta kowace shekara, kuma garejin mutane masu zaman kansu ne da gwamnati ta ba lasisi suke yi. An sha kawo shawarar a ɗaga gwajin farko zuwa shekara 4, a 2018 da kuma 2024 gwamnati ta janye bayan ta ji ta bakin jama'a da ƙungiyoyin masu gareji da na masu mota. Wato in an tashi da wuri ana jin magana.

Mataki na 1: ku tsayar da abin da kuke nema

In kuka shiga ofis kuka ce "mun zo ne kan maganar VIO" an gama da ku, kowa zai ɗauka kun zo kare masu tare hanya ne. Ku raba zancen tun daga baki, tare hanya daban, duba mota daban. Ni a ganina buƙatu uku sun isa. Dubawa ta zauna daram a dokar jiha, sau ɗaya a shekara ga motar gida, motar haya da tifa da tirela kuma a fi matsa musu. Na biyu kar a ƙara ba kowa takardar lafiyar mota sai an ga motar da ido an taɓa ta da hannu, dan dukkanmu mun san yadda ake sabunta fatikula mota tana ajiye a gida ko ma tana kan jak ba injin. Na uku a buɗe ƙofa ga garejin gida da suka cika sharaɗi a ba su lasisin dubawa, ko aƙalla a sa su a jerin wuraren da aka amince a kai gyara in mota ta faɗi gwaji. Ku haddace ukun nan har yaron gareji ya iya faɗa.

Mataki na 2: ku gyara gidanku

Wannan ba sai na ja ba. Ba a sauraren mutum ɗaya, ana sauraren ƙungiya mai suna da adireshi da hatimi. In kuna cikin NATA, ƙungiyar makanikai ta ƙasa, ku bi ta reshenku, in ba kwa ciki ku shiga ko ku haɗa kai da su. Ku rubuta sunan kowane gareji, unguwarsa, aikin da yake yi, da yawan yaran da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa, daga Jekadafari da Pantami da Bolari da Tumfure har Kumo, Billiri, Kaltungo, Bajoga, Dukku da Deba. Lissafin yaran nan shi ne abin da ɗan siyasa zai fara kallo, kar ku ƙara ko mutum ɗaya a kai. Wanda bai yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba ya yi, mai takardar tired tes, wato jarrabawar gwajin sana'a, ko wata shaidar koyon sana'a ya nemo ta ya yi fotokofi. Kwamiti kuma kar ya wuce mutum 5 ko 7, a sa dattijo da ake jin nauyinsa, a sa matashi mai iya rubutu da waya, kuɗin zirga-zirga a tara shi a fili da rasit.

Mataki na 3: hujja, kuma nan ne aikin yake

Abin da muke da shi wanda babu wani kwamishina ko honarabul da yake da shi shi ne mu muke kwanciya ƙarƙashin motocin nan. Matsalar dai ba ma rubutawa. To a sayi littafi mai kauri a kowane gareji, duk motar da ta shigo a rubuta kwanan wata, irin motar, ta haya ce ko ta gida, me ya kawo ta, sannan me aka gani wanda mai ita bai sani ba. Layi na ƙarshe kuma a tambaye shi, takardar rodwodinsa tana da rai? In tana da rai a rubuta. Ba a sa suna, ba a sa lambar mota, amanar kwastoma ce. A yi wata 3 ana wannan a gareji ko da 20 ne, zaku sha mamakin abin da zai fito.

Abubuwan da za a duba ba boyayyu ba ne. Birki farko, faifan ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe ko da saura, tiyon man birki yana tsatsafo, sannan a buɗe gwangwanin man a leƙa, dan har yau akwai masu zuba ruwan omo a madadin man birki su ce ai yana kamawa. Yana kamawa a fili da safe, amma bari mota ta ɗau kaya ta doshi gangaren shigowa gari daga hanyar Bauchi birki ya yi zafi, ruwa ya tafasa, sai direba ya taka feda ta tafi ƙasa salin alin. Man birki na gaske, DOT 3 ko DOT 4, an yi shi ne dan ya jure wannan zafin. Sai taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2316 to sati na 23 na shekarar 2016 aka yi ta, komai kyan zanenta ta tsufa, robar ta bushe, kuma kwaltar Gombe a watan Maris da Afrilu ba ta raga wa tsohuwar taya. Zurfin zane kuma in ya gaza milimita 1.6 ta gama aiki. Sai tairod da boljoyin, wato gaɓoɓin da ke riƙe taya suna haɗa ta da sitiyari, ka ɗaga mota ka kama tayar da hannu biyu ka girgiza, in tana kaɗawa ka san sitiyari na gab da yin gaban kansa, wani ma zaka tarar an ɗaure da robar tub. Sai fitilu da sigina da waifa da madubi, da fitilar baya ta manyan motoci wadda rashinta ke sa ƙaramar mota ta shige ƙarƙashin tirela da dare.

Ku ɗauki hoto, kuma ku ajiye kayan da kuka cire a buhu, za su yi amfani a gaba.

Sannan ku rubuta wa ofishin Rod Sefti na jiha ku roƙi alƙaluman haɗurra da musabbabinsu, musamman fashewar taya da tsinkewar birki. Amma dan Allah kar ku zuzuta. Su kansu Rod Sefti kullum gudun wuce sa'a suke sawa a gaba cikin dalilan haɗari, in kuka ce lalacewar mota ce ke kashe kowa wani mai ilimi a zauren zai kunyata ku. Har ma zai iya kawo muku cewa a 2015 ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a Amurka ya fitar da rahoto cewa bincike bai nuna ƙarara ko dubawar na rage haɗari ba. Gaskiya ne an yi rahoton. Amsarku ita ce motar da suka gama yayinta a can ita ake lodowa a jirgin ruwa ta zo mana a matsayin sabuwa, ta hau titi mai ramuka da lodin da ya ninka ƙarfinta, da kayan gyara na jabu a kasuwa, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira mutane sai mota ta tsaya cak suke kawo ta. Halinmu da nasu ba ɗaya ba ne, ga littattafanmu a duba.

Mataki na 4: ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Da yawa suna ɓata lokaci a inda ba a yanke hukunci. Rod Sefti hukumar tarayya ce tun 1988, abokan shawara ne, amma takardar lafiyar mota da VIO harkar jiha ce. Kenan ƙofofinku su ne ma'aikatar da ke kula da sufuri, wato kwamishina da babban sakatare da shugaban VIO, sai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha dan ta hannunta kuɗin takardun mota ke bi, sai majalisar dokoki mai mambobi 24 da kwamitinta na ayyuka da sufuri, sai gidan gwamnati. Kar ku raina daraktoci da akawun kwamiti, kwamishina yana zuwa ya tafi, su ne ke rubuta takardar da zai sa wa hannu.

Ku san kuma yadda ƙudiri ke tafiya, karatu na ɗaya, karatu na biyu inda ake muhawara, sai a tura kwamiti, a nan ake jin ra'ayin jama'a, sai karatu na uku, sai teburin gwamna wanda tsarin mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Wurin da ake iya canza kalma a doka shi ne kwamiti. In kuka bari sai an yi karatu na uku kuka farka to sai dai roƙo.

Mataki na 5: takardar koke

Shafi biyu, kar ta wuce. Ɗaya da Turanci saboda fayil, ɗaya da Hausa saboda mambobinku da rediyo. Sakin layi na farko su wane ne ku, gareji nawa, yara nawa. Na biyu abin da littattafanku suka nuna. Na uku buƙatun nan uku. Na huɗu abin da ku za ku ɗauka a wuyanku. Ku faɗi a fili cewa eh akwai abincinmu a ciki, ɓoyewa ba ta da amfani kowa ya sani, kuma neman halak ba abin kunya ba ne. Duk ofishin da kuka kai ku je da kofi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku dawo da shi. Ta majalisa kuma ku nemi mamban mazaɓarku ya gabatar da ita a zaure, ta fi wadda aka ajiye a geti nauyi nesa ba kusa ba.

Mataki na 6: direbobi kafin kowa

Nan ne wuya, kuma in aka tsallake nan komai ya rushe. Mutanen ƙungiyoyin direbobi da masu motocin haya, wato NURTW da RTEAN da NARTO, da masu Keke Napep sun fi mu yawa, sun fi mu murya, kuma su ne za su biya kuɗin. In suka ce ba sa so babu ɗan majalisar da zai tsaya mana. Ku je musu har tasha, ku zauna a benci ku fara jin kukansu kafin ku kawo naku. Direban Sharon mai jigilar Gombe zuwa Yola zai ce maka, "Oga, balas nake kaiwa kullum, ga mai ga kuɗin tasha, yanzu kuma ku ce in ajiye mota yini guda a layi?" Maganarsa gaskiya ce, kuma dole buƙatarku ta amsa ta. Shi ya sa garejin unguwa ya fi cibiya ɗaya tal a babban birni, mutumin Nafada ko Balanga ba sai ya ƙona mai ya zo Gombe ba. Ku sa a takardarku cewa kuɗin dubawa ya zama ƙayyadadde a manna shi a bango, motar da ta faɗi a ba ta wa'adin gyara kamar sati biyu ba tara, sake dubawa kyauta, kuma mai takardar lafiyar mota mai rai kar a tsare shi a hanya kan maganar lafiyar mota. Wannan na ƙarshen shi zai jawo su, dan abin da suka tsana ke nan.

Bayan su sai likitoci da nas-nas na sashen haɗari, su ne ke karɓar waɗanda aka kwaso daga hanyar Kumo da ta Dukku, maganarsu tana ratsa zuciya fiye da tamu. Sai iyayen ƙasa, a kai gaisuwa fada ta hannun hakimi yadda aka saba, da limamai da fastoci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mataki na 7: zama da honarabul

Ku nemi lokaci ta hannun mataimakinsa, ku je mutum uku ko huɗu, aƙalla ɗaya ɗan mazaɓarsa ne da ya san shi. Mutum ɗaya ya yi magana, minti biyar. Kamar haka: "Ranka ya daɗe, mu masu gyaran mota ne daga mazaɓarka. Ba mu zo kare tare hanya ba, mu ma ta ishe mu. Mun zo ne a riƙa duba mota da gaske, kuma a ba yaranka na gida aikin." Sai a buɗe buhun nan a ɗora masa faifan birkin da ya cinye a kan tebur ya ɗauka da hannunsa, a ce masa daga motar haya mai ɗaukar mutum 18 aka cire shi kuma takardarta da rai. Kafin ku tashi ku roƙi abu ɗaya takamaimai, ya gabatar da koken, ko ya haɗa ku da shugaban kwamiti, ko ya zo gareji ranar Asabar ya gani da idonsa.

Abu biyu na roƙe ku. Kar a kai ambulan, kar kuma a karɓa. Kuma kar wani a cikin tawaga ya ja shi gefe ya ce matarsa ba lafiya ko yana neman kuɗin makaranta, da zarar an yi haka ya sallame ku da dubu ashirin maganar ta mutu a wurin. Hular jam'iyya ma a bar ta a gida, musamman da zaɓen 2027 ke matsowa, kuna buƙatar kowane ɓangare.

Mataki na 8: ku amsa zargin da za a yi muku tun kafin a yi

Za a ce makanike in aka ba shi ikon dubawa zai ƙirƙiro ciwon da babu dan ya samu aiki, ko ya sayar da takarda ga abokinsa. Kar ku yi fushi, a cikinmu akwai masu iya yin hakan, kuma mun san su. Ku ku kawo maganin da kanku. Mai mota yana da 'yancin kai gyara duk inda ya ga dama ba dole sai inda aka duba ba. Kowace dubawa a ɗauki hoton motar a kan rami da lambarta da kwanan wata a tura. VIO su koma masu sa ido a kan gareji, su riƙa zuwa ba sanarwa suna sake duba motar da aka ce ta ci. Wanda aka kama ya yi ƙarya a ƙwace lasisinsa, ƙungiya kuma ba za ta je roƙo ba. Wannan tsarin ma ya ba jami'an VIO aiki mai mutunci, kaga ba za su ɗauke ku abokan gaba ba.

Za a kuma ce ba ku da kayan aiki, kamfani yana da kwamfuta. Legas ta janye VIO daga tituna a 2017 ta karkata ga cibiyoyin gwaji na kwamfuta, kuma za a kawo muku misalinta. Ba ma faɗa da na'ura. Injin gwada birki yana da tsada, gareji ɗaya ba zai iya ba, amma gareji goma za su iya haɗa kuɗi ko su nemi rance su kafa layi ɗaya a rukuninsu. Rami mai kyau, jak, ma'aunin zanen taya da na iska, allon saita fitila da ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota kam ba su fi ƙarfinmu ba. Ku nemi a ba da wa'adin shekara ɗaya ko biyu a cika sharuɗɗa, kuma ku nemi haɗin gwiwa da kwalejin ilimi ta tarayya, wato FCE Technical ta Gombe, ko kwalejojin fasaha a horar da masu dubawa a ba su shaida.

Mataki na 9: rediyo da ranar jin ra'ayi

Shirin kiran waya na safe a gidajen rediyon Gombe ya fi takarda dubu isa ga jama'a. Ku tura mai sanyin baki wanda ba ya hawa in an zage shi, ya koya wa mutane karanta shekarar taya, ya bar zagin gwamnati. Ku sa rana ɗaya ta duba birki da taya kyauta a bakin tasha, ku gayyaci Rod Sefti da 'yan jarida, sakamakon ya shiga littafi. In an sa ranar jin ra'ayin jama'a a majalisa ku kai takardarku ga akawun kwamiti tun kafin ranar, ku cika zauren da tsaftatattun kayan aiki, ba ihu ba tafi, shugaban direbobi ya yi magana kafin naku.

Mataki na 10: bibiya

A ba mutum ɗaya aikin leƙa ma'aikata da majalisa duk sati biyu da kofin nan mai hatimi a hannu, ya tambayi fayil ɗin yana teburin wa, ya rubuta amsar, ya karanta a taron wata. Ku matsa sosai daga Satumba zuwa Disamba lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi, dan dokar da ba a ware mata kuɗin horo da sa ido ba a takarda za ta tsaya. In kuma Allah ya sa an amince, kar kwamiti ya watse, saboda bayan doka ma'aikata ce za ta zauna ta rubuta sharuɗɗan ba da lasisi, faɗin fili, kuɗin rajista, irin na'urar da dole a mallaka, kuma a nan ne ake iya sa sharaɗin da babu garejin unguwa ko ɗaya da zai iya cikawa. Ku nemi kujera biyu a kwamitin da zai rubuta su, ɗaya ta makanikai ɗaya ta direbobi, kuma ku nemi a ba ku daftarin a rubuce ku kai wa mambobi su gani kafin kwamishina ya sa hannu.